Yadda Dikko Ya Buɗe Baki

Gidan Sori, Afrilu 1960

Zuwa ga taubashina Hambali, mushen lakol, wato malamin makaranta, na Agiye,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Inna, gwaggonka, tana gaishe ka. Ƙafafu sun yi mata nauyi, idon hagu kuma ya fara hazo, amma bakin nan nata yana nan yadda ka san shi.

Ni ne dai Barmo. Ban mutu a Kurmi ba, kamar yadda na ji kana ta yaɗawa. Na dawo gida da akwati guda, da tari, da Ingilishi cike da baki. Abin da shekarun dako da gadi da aikin jirgin ƙasa suka bar mini ke nan, saboda haka kada ka sa ran tsaraba.

Ga dalilin takardar. Ka san Bappa, dattijon Fulanin da ke bayan gari. Shi da mutanensa sun gaji da sayar wa dillalai shanu a bakin iyaka, bana suna so in kaka ta yi su kora da kansu har Ikko. To, da an ƙetare Kwara, ɗan sanda da malamin dabbobi da mai tsaron shinge duk Ingilishi suke yi. Sai Bappa ya roƙe ni in bi su in yi musu tafinta. A gaban maigari ya roƙa, ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce to.

Kafin in shiga gida labari ya riga ni. Inna ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Cewa ta yi, "Tahi abinka. Wancan karo ma cewa ka yi kahin damina kana gida. Ka tahi da baƙin kai, ka komo da hurhura." Hambali, gaskiya ta faɗa. Na san halina. In na sake taka Kurmi ba zan dawo da wuri ba, ita kuma ba ta da wasu shekarun da za ta yi jira da su.

Washegari na koma wurin Bappa na ce me zai hana in koya wa mutanensa su yi magana da bakinsu. Ya yarda, amma da sharaɗi: in lokacin tafiya ya zo ba su iya ba, alkawari yana nan, sai in ɗaura takalmi in bi su. Maigari ya ba ni runfar da ke kusa da rijiya.

Matsalar ita ce ni magana na iya, ban iya koyarwa ba. A titi na tsinci Ingilishina. Kai da aka kai makarantar malamai ta Tawa aka koya maka sana'ar, faɗa mini ta ina ake farawa. Ba karatu nake so su yi ba, baki nake so ya buɗe. Ka ba Iro direban kamyon gyaɗa amsa, yana ratsowa ta nan in ya taso daga Maraɗi.

Naka, Barmo

Agiye, Mayu 1960

Zuwa ga bawana Barmo,

Na samu takardarka, na gode Allah da ya maido mini da bawana da ya gudu. Muna lafiya, sai ƙaramar ɗiyata da ta yi kyanda, ta kuwa warke. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce ɗan ƙanenta yana nan zuwa ganinta in an ba da hutu. Ka riƙa shan sassaƙen bagaruwa saboda tarin nan.

Wato kai ne yau mushe! Ina ma ina nan in ga wannan abin al'ajabi. Amma tunda don Gwaggo ne, buɗe kunnenka.

Ni Faransanci nake koyarwa, ban san Ingilishi ba sai abin da nake ji a bakin direbobi, amma hanyar buɗe baki guda ce. Kada ka tsaya kana yi musu wa'azin ƙa'ida. Ka faɗi magana gajera, su maimaita gaba ɗaya, su sake maimaitawa. Daga nan ka raba su biyu-biyu, su fuskanci juna, wannan ya tambaya wancan ya amsa. Ka fara da abin da kowa ya sani: mene ne sunanka, mene ne sunan wannan, ɗan wa ne, ina za shi. A nan ne za su kama bambancin "ni" da "kai" da "shi" ba tare da sun san suna koyo ba. In wannan ya zauna, sai ka shiga abin da aka yi jiya da abin da za a yi gobe.

Ka haɗa babba da yaro, don babba ya riƙe yaro. Masu surutu kuma ka raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma, in ba haka ba za su mayar maka da runfa kasuwa. Haka nake yi da yarana, kuma ko mai duba lakol da ya zo daga Maraɗi bai sami abin cewa ba.

Nan muna ta shirin 'yancin kai. An ce cikin Agusta ne. An aiko mana da sabuwar tuta, kullum ina rana ina koya wa yara maci, har na yi baƙi kamar kai.

Ubangidanka, Hambali

Gidan Sori, Yuni 1960

Hambali,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an yi ruwan shuka, mun shuka gero da wake. Inna tana gaishe ka, ta ce Allah ya ƙara wa yarinya lafiya.

Na bi abin da ka ce, ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa jin kunya irin wannan ba. In na faɗa suka maimaita gaba ɗaya, runfa har girgiza take yi. Da na raba su biyu-biyu sai wuri ya yi tsit.

Akwai wani saurayi Dikko, shi ne mai kaifin kai a cikinsu. In mun haɗu a hanya mu biyu, duk abin da na koya yana zubo mini shi tiryan-tiryan. Don haka na haɗa shi da Bappa kansa, don ya ja tsohon. Hambali, yaron nan ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da kara, gumi na tsiyaya, ko tari bai yi ba. Bappa kuma ya juya fuska yana kallon rijiya. Na haɗa Jaye da ɗansa Mumuni, na ce Jaye ya nuna shi ya faɗi sunansa da Ingilishi. Mutumin ya dube ni kamar na zage shi, ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai dawo ba har yau.

Mutum guda ne mai baki a runfar, wani Sajo, shi kuma ba abin da ya iya sai tsokanar Dikko. Da Dikko ya motsa leɓe sai ya kwaikwaye shi. Na kai shi can ƙarshen runfa kamar yadda ka ce. Yanzu shi ma ya yi shiru, barci yake yi.

Jiya Bappa ya tsaya bayan an watse, ya ce, "Malam, kada ka wahal da kanka. Hanya dai ka sani, mu tahi tare." Da ladabi ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Na ga Inna ta fara kaɗa zare, kuma na san bargon tafiya take so a saƙa mini. Tsoro nake ji, taubashi. Faɗa mini inda na kuskure.

Barmo

Agiye, Yuli 1960

Bawana,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. A gaishe da Gwaggo.

Wallahi da na karanta takardarka sai da na zauna a ƙasa don dariya, har diraktan lakol ya leƙo ya ga ko aljanu ne suka taɓa ni. Barmo! Dikko ai ɗiyar Bappa yake aure! Ka ɗauki Bafulatani ka dasa shi gaban surukinsa, ido cikin ido, ka ce ya tambaye shi sunansa? Mutumin da in ya hango shi a hanya yake ratsewa cikin ƙaya? Mumuni kuwa ɗan farin Jaye ne. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kama sunansa ba, ko da Fulatanci, kai kuma kana so ya kama da Ingilishi a bainar jama'a.

Ni da na ce ka haɗa babba da yaro, yaran lakol nake nufi, waɗanda ba su da suruki. Ban san Kurmi ta wanke maka kai haka ba. Ashe baƙo ne kai a garinku. Kowane yaro mai tallan fura ya san wa ke jin kunyar wa a Gidan Sori, ban da mushe Barmo mai Ingilishi. In haka ne gara ka bi shanun, ko banza su ba su da suruki, ba za ka ɓata musu rai ba.

Ka raba waɗannan mutane tun kafin su kai ƙararka wurin maigari. Ka je ka ba Jaye haƙuri. Sauran kuma ka rubuto mini yadda ta kaya, don na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba.

Ubangidanka, Hambali

Agiye, ƙarshen Agusta 1960

Ɗan'uwana Barmo,

Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Mu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Iro ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu wofi. Da farko na ce gulbi ne ya cika ya tare hanya. Amma jiya ya ce mini ya gan ka da idonsa a kasuwar Cadakori wurin baduku, kana gwada takalmin tafiya, kuma da ya ce ko akwai saƙo zuwa Agiye sai ka kau da kai.

An yi bikin 'yancin kai, an ɗaga tuta, yarana sun yi maci ba wanda ya karkace, kumandan mai mulkin yankinmu ya ba ni hannu. Ban ji daɗin komai ba. Na sake tuna abin da na rubuta maka. Ka ce mini tsoro kake ji, ni kuma na amsa maka da dariya. Maganar bin shanu wasa ne irin namu, kai ma ka sani, amma wasa yana da lokaci. In saboda ita ce ka yanke shawarar tafiya, to da wane ido zan dubi Gwaggo?

Don Allah kada ka tafi. In runfar ta watse, zan nemi izini in zo da kaina mu durƙusa gaban Bappa ya sake ka daga alkawarin. Ko layi guda ne ka rubuto. Ko zagi ne ina so.

Hambali

Gidan Sori, Oktoba 1960

Zuwa ga Hambali mai kuka,

Lafiya lau muke. Gero ya yi kyau, mun fara ɗaurin damma. Tari ya tafi. Inna ta ce in gaya maka ka daina sa wa kanka damuwa, kana da ƙiba, ba ta yi maka kyau.

Takalmin da Iro ya gani na Sajo ne, raka shi na yi. Kau da kai kuwa gaskiya ne, fushi nake yi da kai. Ba maganar shanu ce ta ƙona ni ba, cewa da ka yi ni baƙo ne a garinmu. Ta ƙona ni don haka ne.

Amma ji abin da fushin ya haifa. Ina gona ina noma ni kaɗai, ina ta tsara irin amsar da zan ba ka, sai na ji kaina ina zazzaga maka ita da ƙarfi, da Ingilishi, har tsuntsaye na tashi. Na ce maka ka fi tulu ƙiba, na ce jiya ka ci tuwon mutum uku, na ce gobe ma za ka ci. Sai na tsaya da hauya a hannu. Abin da aka yi jiya, da na gobe, da wane ya fi wane, duk ga su sun fito a guje, don kawai da taubashi nake. Nan take na tuna Sajo da na kai ƙarshen runfa. Na yar da hauya na nufi gida na tambayi Inna mene ne tsakaninsa da Dikko. Ta ce, "Uwar Sajo da uban Dikko ciki guda sunka hito. Kai wane irin mutum ne?"

Tun daga ranar, kowace safiya ina zaune gabanta tana kaɗi tana warware mini garin nan gida-gida: wa ya auri ɗiyar wa, wa ke ɗan farin wa, wa ke wasa da wa. Rabon da mu yi hira mai tsawo haka tun ina yaro. Na je na ba Jaye haƙuri, ya dawo.

Sai na sake zaman runfa. Dattawa na kai su bayan rijiya, inda ba su jin samari. Kowa kuma na zaunar da shi gaban taubashinsa, na ba su doka guda: ka tsokane shi yadda ka ga dama, amma da Ingilishi. Wanda ya zame ya yi Hausa ko Fulatanci, ya faɗi, sai ya jawo wa abokinsa guga. Wannan ya ce jiya ka yi kaza, wancan ya ce ban yi ba, kai ne ka yi. Wannan ya ce sana ya fi naka, wancan ya ce naka ƙashi ne da fata. In kalma ta ƙare wa mutum sai ya rugo wurina yana haki, "Malam, yaya ake cewa mai rowa?" Da can ni ke bin su da kalmomi, yanzu su ke bi na. Mata masu ɗibar ruwa har ajiye tulu suke yi su sha kallo.

Daga baya muka shiga wasan shinge. Aka gitta kara, ɗaya ya zama mai tsaro, ɗaya mai shanu. Ka ga Sajo da tsohuwar hular gadina, yana tsare Dikko da tambaya: daga ina, zuwa ina, yaushe aka yi musu allura, ko wata ta mutu a hanya. Ba mai tsaron shingen da zai kai taubashi mugunta. Dikko kuwa ya tsaya ƙyam yana mayar masa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a Bappa ya laɓe bayan zana, don kada Dikko ya gan shi, ya saurara har aka tashi. Da ya fito ya ce, "Malam, zamna gida bana. In mun maƙale a hanya, baɗi ba ni jin roƙo." Sun tashi shekaranjiya. Yanzu sai addu'a, don runfa daban, hanya daban.

Ubangidanka na gaskiya, Barmo

Agiye, Janairu 1961

Barmo,

Muna lafiya, a gaishe da Gwaggo. Na ji daɗin takardarka har na karanta wa matata. Na kuma sace dabararka: na gano taubasai a cikin yarana na haɗa su, yanzu ajina ya fi na kowa hayaniya, Faransanci kuma sai zuba yake yi. Ban gaya wa dirakta daga inda na samo ba, kada a ce bawa ya koya wa ubangida.

Amma ina labarin matafiya? Wani falke ya ce mini an tsare garken wasu mutanen Nijar a wani shinge bayan Kwara, an hana su wucewa. Bai san ko su waye ba. Tun da na ji ban sami natsuwa ba. Da ka ji wani abu ka aiko.

Hambali

Gidan Sori, Maris 1961

Taubashina,

Lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau! Sun dawo, duka, ba wanda ya ɓace, kuma sun kai shanunsu har Ikko sun sayar da bakinsu. Inna tana gaishe ka.

Garken da falke ya ba ka labari nasu ne. Sajo ya ba ni labarin, Dikko na gefe yana ƙaryata rabi. A shingen nan suka tarar da wani malamin dabbobi wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ana jita-jitar ciwo a arewa, ya ce ba saniyar da za ta wuce sai an gamsar da shi. Ga rana, ga ba ciyawa a wurin, shanu sun fara kwanciya. Aka tura Dikko gaba. To amma Bappa na tsaye a kafaɗarsa. Dikko ya buɗe baki, ya ga gefen rigar surukinsa, sai ya sunkuyar da kai. Mutumin ya yi tambaya, ya sake yi, shiru. Ya juya zai koma runfarsa.

Sai Bappa ya gane. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya ratsa cikin shanu ya tafi can bayan garke ya ba su baya. Sajo kuma ya matso ya ce wa malamin, da Ingilishi, da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, wannan bebe ne. Tsoro yake ji. Shanunsa ma duk sun fi na kowa rama."

Sajo ya ce kan Dikko ya ɗago kamar an ɗana masa wuta. Dikko ya ce Sajo ƙarya yake yi, shi ba bebe ba ne, shanunsa sun fi na Sajo da na uban Sajo. Daga nan bai tsaya ba. Ya faɗi inda suka fito, da watan da aka yi allura, ya kama kunnen saniya ya nuna shaida, ya ce ba wadda ta mutu a hanya sai guda da ta karye suka yanka, kuma Sajo ne ya cinye rabinta. Malamin ya yi dariya har ya dafa shinge. Ya zaga ya duba shanun ɗaya-ɗaya, ya ɗage kara da hannunsa. Hambali, da na ji wannan sai da na shiga bayan runfa na share ido.

Jiya da hantsi muna zaune da Inna a tsakar gida sai muka ji sallama. Na fita na tarar da Bappa riƙe da igiya, a ƙarshenta wata jar karsana. Ya ɗaure ta a turken ƙofarmu da kansa. Na ce Bappa mene ne haka. Ya ce haɓɓanaye ce, irin aron da suke ba wanda suka ɗauka nasu. Zan riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan nawa ne, sa'an nan in mayar masa da uwar. Ya ce samarin da ba su je bana ba suna son shiga runfa, har da na rugar Cadakori.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta shafa karsanar tun daga wuya har gadon baya, ta buɗe bakinta ta taɓa haƙora, ta ce, "Wagga ko ciki ba ta taɓa yi ba." Bappa ya ce, "Ko kusa, Gwaggo. Da sauranta." Na ga leɓenta na motsi, tana lissafin damina nawa ke nan kafin haihuwa ta uku. Ba ta faɗi abin da ta samu ba. Juyowa ta yi ta ce mini, "To me kake tsaye kana kallo? Tahi ka yanko mata ciyawa, kai ka da ita."

A nan zan tsaya, taubashi. Karsanar tana kuka a ƙofar gida, kuma ban ba ta ruwa ba tukuna.

Naka, Barmo